Fiffiken Ƙwaro a Watan Fabrairu

Ranar Talata da safe Madam Celina ta kwance jan ƙyallen, ta tarar babu komai a ciki. Abin da ya ɓace zanen hoto ne a takarda da kakanta ya bar mata, bai fi tafin hannu ba: wata mace tana jira a bakin taga. A Indiya, in ji ta, ba a rataye irinsa a bango. Naɗe shi ake yi, in an yi babban baƙo a miƙa masa ya gani.

Ɗan sanda Abdul-Latif ya rubuta. Shekararsa tara yana shiga gidajen unguwar Irving Park a nan ƙasar Turawa, kullum mai aikin gida ake fara zargi, abin har ya daina yi masa ciwo.

Mutum biyu suka shiga gidan a makon: Fassouma, 'yar Nijar mai shara, da Sylvanus, mai gyaran firem ɗin hotuna, wanda ya yi aiki a ɗakin baya. Kafin azahar gidaje uku a layin sun sallami Fassouma ta waya.

"Ban ma san da zanen ba," in ji Sylvanus.

Fassouma kuwa ko kuka ba ta yi.

"Anti, jiya kin ga wani abu daban?" Abdul-Latif ya tambaye ta.

"Ba komai, mushe," ta ce, yadda 'yan Nijar ke cewa yallaɓai. "Sai fiffiken ƙwaro, kore, a kafet ɗin ɗakin baya."

Abdul-Latif ya dubi taga. Fabrairu ake ciki, sanyi ya kashe ko sauro. Ya koma falo.

"Madam, da me ake yin zanen?"

"Gashin wutsiyar kurege, launi da ƙaro. Koren duwatsun sarƙar matar kuma fiffiken ƙwaro ne aka manna."

"Yana ɓanɓarewa?"

"In an lanƙwasa takardar."

A jakar Sylvanus, tsakanin kwalaye biyu, aka sami zanen: matar tana jira, sarƙarta saura dutse ɗaya.

"Ka ce ba ka san da shi ba," Abdul-Latif ya ce. "Amma a ɗakin da ka yi aiki ya zubar da fiffike. Da Fassouma ce ta ɗauka, da ba za ta gaya mini inda ya faɗi ba."

Ya sami Fassouma a kicin, ta riga ta sa rigar sanyinta.

"Anti, an wanke ki. Madam ta ce ki dawo Litinin."

"Sauran gidajen fa?"

Ya mayar da littafinsa aljihu. Ta ce to, ta cire makullin gidan daga cikin nata, ta ajiye a kan tebur, ta fita neman bas.