Kashi na Biyu na Simfonin Baba Alois

Ranar Lahadi Vroni ta sauke miyar nama mai curin burodi, ta jera faranti a tebur. Mahaifinta, tsoho Alois Prantner, ko cokali bai taɓa ba. Idonsa na kan Kilian, ɗalibinsa kuma wanda zai auri 'yarsa, yaron da ya miƙa wa sandar jagorancin makaɗa tun da tsufa ya fara hana shi riƙe ta.

"An ce jiya wurin gwaji ka kwashi kashi na biyu da gudu. Gaskiya ne?"

"Baba, ba gudu na yi ba. Da hannunka ka rubuta andante a kansa, tafiyar ƙafa ke nan. Mu kuwa jan ciki muke yi da shi."

"Jan ciki?!"

Gwaggo Resi, yayar Alois, ta dafe ƙirji. Kaf unguwarmu a Vienna wa bai san kashi na biyu na simfonin Alois ba, dogon kiɗan nan da ya rubuta wa taron makaɗa? Na Hanni ne, mahaifiyar Vroni. A sautin mol yake, mai duhun nan na baƙin ciki, kuma tun rasuwarta duk shekara sai Alois ya ƙara rage masa sauri.

Vroni ta taka ƙafar Kilian a ƙarƙashin tebur, amma ina! Yaro ya riga ya ɗau zafi.

"A ƙarshe fa kiɗan yana juyawa zuwa sautin dur, haske yana shigowa. Amma kafin a isa can numfashin masu busa ya ƙare, jama'a sun fara gyangyaɗi. Ba makoki ka rubuta ba, Baba, kai ka mai da shi makoki!"

Alois ya daki tebur har miya ta fantsama.

"A gidana za ka koya mini yadda zan yi kukan matata? Vroni, cire zoben nan! An fasa!"

"Baba, don Allah..."

"Cire na ce! Kai kuma fice mini. Wasan Asabar an riga an buga sunanka, ka yi shi, daga nan ba ni ba kai."

Vroni ta cire zoben hawaye na zuba, Gwaggo Resi kuwa bakinta a buɗe ya kasa rufuwa.

Ana gobe wasa Vroni da Kilian suka haɗu a shagon kofi. Kilian ya rame, idonsa jawur.

"Tunda an raba mu, zan kaɗa shi yadda ya dace, kowa ya ji mai gaskiya!"

"Kana da gaskiya, na sani," in ji Vroni. "Amma matarsa ce, Kilian, ba taka ba. Kada ka kunyata shi gaban jama'a. Ka bi shi a hankali yadda yake so."

"In na yi, zai haƙura?"

"Ba zai haƙura ba, na san ubana. Ka dai yi saboda ni."

Ya ture kofinsa, ya gyaɗa kai.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Alois ya zauna a layin gaba tsakanin yayarsa da 'yarsa, ya dogara da sandarsa ta tafiya. Abin da ba wanda ya lura da shi, yau ne farkon zamansa a kujerar 'yan kallo ana wannan kiɗan. Kullum shi ne a tsaye a gaba, idonsa a rufe, hannu na aiki.

Aka shiga kashi na biyu. Kilian ya bi shi sannu, sannu, gogaye na nishi, masu busa na tauye numfashi. Mu nan kuwa ko tari ya taso maka sai ka haɗiye shi har a gama. Amma sai ga Alois yana mutsu-mutsu a kujera.

"Resi," ya raɗa, "da gangan yaron nan yake jan sa don ya tozarta ni?"

"Rufa mana baki! Haka ka kaɗa shi bara, shi ma ya ɗan fi ka sauri."

Tsoho ya daskare. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Ni? Haka? Wayyo Allah... Hanni ba haka take tafiya ba. In mun fita bakin kogi haki nake yi ina bin ta!"

Kwas! Kwas! Kwas!

Zaure ya ɗauke wuta. Alois Prantner ne, mutumin da ke hararar mai atishawa, yake buga sanda a ƙasa ana tsakiyar kiɗa! Wata mata ta saki jakarta. Gwaggo Resi ta rufe fuska. Kilian ya waiwayo a firgice.

"Me kake kallo?" tsoho ya daka tsawa. "Bi sandata! Taka, ɗana, taka!"

Kilian ya juya, hannunsa ya kama bugun sandar. Kiɗa ya miƙe ya fara tafiya, duhunsa na nan amma yanzu da rai a ciki. Da aka iso inda yake juyawa zuwa dur, masu busa suka ɗaga shi da cikakken numfashi, Alois ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ga ta nan, Vroni. Ga uwarki nan."

Ana tashi, bai jira tafi ya lafa ba ya ja hannun 'yarsa har gaban dandamali.

"Kilian, da ka yi mini gudu yau, da har in mutu ban yafe maka ba. Ka bi ni kan kuskurena har na ji shi da kunnena. Ku je coci wurin fada a sa ranar aure, kafin in sake yin wata wautar."

Vroni ta faɗa jikin mahaifinta, dariya da kuka suka haɗe mata.

To, 'yan'uwana matasa, ku riƙe wannan. Kilian yana da gaskiya tun a teburin abinci, amma da ya faɗe ta da tsawa, daga gidan aka kore shi. Babba ba a tura masa gaskiya a maƙogwaro. A yi haƙuri, a girmama ciwonsa, a bar masa hanya ya iso ta da ƙafarsa.