Zoɓon da Aka Haɗa wa Malachy

Ƙarfe shida da rabi na yammacin Asabar aka kira ofishin 'yan sandan birnin Greensboro da ke Amurka. An tsinci mutum ya mutu a kujerar bayan motarsa, a harabar wani zauren taro da ke Gate City Boulevard. Da aka ji 'yan Najeriya ne masu taron, sai aka tura Nicodemus. Jami'in bincike ne, amma tun da ya yi aikin ɗan sanda a Jos kafin ya ƙetaro, mutanen gida Insifekta suke kiransa.

Mamacin sunansa Malachy, ɗan shekara arba'in da shida, direban babbar mota. Yana kwance rigingine cikin sabuwar shadda, rigar ta jiƙe da gumi duk da sanyin Oktoba. Nicodemus ya sunkuya, ya ji ɗan warin barasa a bakinsa. A aljihunsa akwai alƙalamin allurar insulin ta masu ciwon suga, a damtsensa kuma an manna wata 'yar farar na'ura mai faɗin kwabo. Wayarsa tana kan kujerar gaba.

A cikin zauren an jera kujeru da balan-balan, ga tukwanen shinkafa an ci rabi. Walimar baiko aka yi. Matar da zai aura, Jemimah, tana zaune idanunta sun kumbura, wata mace ta riƙe mata kafaɗa.

"Sannu da haƙuri, Madam. Wa ya kai shi mota?"

"Da ƙafarsa ya tafi," in ji Jemimah. "Ya ce ya gaji."

"Wanda ya gaji ba ya barin takalminsa ɗaya a bakin ƙofa. Ɗaukarsa aka yi."

Ta rufe fuska. "Ni na yarda aka kai shi. Wajen ƙarfe uku ya tashi zai yi godiya, harshensa ya karye, yana tangaɗi, yana maimaita magana. A gaban Baba Fasto da dattawan coci. Insifekta, giya ce ta kashe mijina na fari. Malachy ya rantse mini bai taɓa kai ta bakinsa ba. Kunya ta kama ni, na yi fushi, ban ko leƙa shi ba."

"An raba giya a nan?"

"Ko ɗigo. Zoɓo ne da lemo. Nasa ma daban aka yi, ba sukari, saboda ciwon sugansa. Anti Salomi ce ta haɗa masa."

Matar da ke riƙe da ita ta ɗaga kai. Za ta yi shekara hamsin, fuskarta a natse.

"Ni ce Salomi, Insifekta. Ni na yi girkin duka. Na ajiye masa fulas ɗinsa a kan tebur, na koma kicin. Ban san abin da ya faru ba sai da aka gama fitar da shi."

"Ina fulas ɗin?"

"Na wanke da sauran kaya. Ban san za a nema ba. Ban son ɗaukar alhaki, amma ka tambayi Josiah. Shekara biyu yana neman Jemimah ta ƙi. Na gan shi yana kewaya teburin."

Nicodemus ya rubuta. Kafin ya fita ya bi ta kwandon shara, ya ɗauko kofunan takarda guda huɗu masu jan zoɓo a gindi, ya sa a leda.

Ranar Litinin da safe ya je wurin likitar da ta duba gawar. Ta juyo masa allon kwamfuta.

"Akwai barasa a jininsa, kamar ta kofi uku ko huɗu. Ba ta isa ta kashe lafiyayye ba. Ɗaya daga cikin kofunanka ma akwai ta a ciki, irin farar nan marar launi, an lulluɓe ta da citta da kanumfari."

"To me ya kashe shi?"

"Suga ne ya faɗi. Ya yi allurar insulin kafin abinci, amma cikinsa babu komai. In suga ya sauka, hanta ce take sako wanda ta adana don ta ceci mutum. To in barasa ta shiga jiki, hanta sai ta bar wannan aikin ta koma tace barasar. Insulin yana ja ƙasa, babu mai tarewa. Kuma alamomin iri ɗaya ne da na maye: tangaɗi, karyewar harshe, ruɗewa. Da an ba shi rabin kofin lemo mai zaƙi a lokacin, da yanzu yana raye."

"Wannan na'urar ta damtsensa fa?"

"Ita ce take auna sugan, tana aika wa waya. In ya faɗi, wayar takan yi ƙara. Ana iya haɗa wani mutum ma, ya riƙa samun saƙon a tasa wayar. Ka sa a buɗe ta mamacin."

Nicodemus ya miƙa wayar ga masu aikin buɗe waya, ya kama hanyar garejin Josiah.

Ya same shi a ƙarƙashin wata mota. Josiah ya fito yana goge hannu da tsumma, bai ko yi tayin kujera ba.

"Na ji kana son Jemimah."

"Duk coci sun sani. Ni na yi mata ɗawainiya da mijinta ya rasu. Wannan ya zo daga baya da babbar mota da dariya, shi ke nan." Ya jefar da tsumman. "Ban yi murnar baikonsu ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ƙarfe biyu na bar wurin."

"Kyamarar shagon da ke maƙwabtaka ta nuna motarka tana harabar har ƙarfe biyar."

Josiah ya sunkuyar da kai. "Na kasa zama a ciki, na kuma kasa tafiya. A mota na zauna kamar wawa. Na ji tsoro ne a ce ni ne."

"Me ka gani?"

"Na ga samari biyu sun fito da shi, Anti Salomi tana gaba tana nuna musu motar. Raina ya yi fari, na ce yau Jemimah za ta san wanda ta zaɓa. Can wajen ƙarfe huɗu Anti ta sake fitowa ita kaɗai. Ta tsaya a jikin gilashi tana kallonsa, wayarta a hannu. Ta daɗe. Sannan ta koma."

"Ta buɗe ƙofar?"

"Ba ta buɗe ba."

Kafin azahar sakamakon wayar ya iso. Sugan Malachy ya fara sauka ƙarfe biyu da rabi. Uku da kwata wayar ta fara ƙara. Lamba ɗaya ce aka haɗa da na'urar, tun shekara uku da suka wuce, kuma ba ta Jemimah ba ce. Nicodemus ya kira ɗaya daga cikin samarin da suka ɗauki mamacin, ya yi masa tambaya biyu, sannan ya ɗauki abokiyar aikinsa suka nufi gidan Salomi.

Falonta tsaf yake. A jikin ƙofar firiji akwai wata tsohuwar takarda da aka rubuta da hannu: abin da mai ciwon suga zai ci safe, rana da dare.

"Ke ma kina da ciwon, Anti?"

"A'a. Ta Malachy ce. Na manta ban cire ba."

"Wane aiki kike yi?"

"Ina kula da tsofaffi a gidan jinya. Shekara goma sha ɗaya."

"Kin san alamun faɗuwar suga ke nan."

"Na gaya maka ina kicin."

"Yaron da ya ɗauke shi ya ce ke kika ce ya bugu ne, a kai shi ya yi barci kada a tara masa jama'a. Ya kuma ce tun ƙarfe ɗaya da rabi kika sanar abinci ya kusa, shi ya sa Malachy ya yi allura, amma ba a buɗe tukunya ba sai bayan uku. Me ya riƙe abincin?"

"Shinkafar ba ta nuna ba."

"Wayarki ta yi ƙara sau nawa ranar?"

Ya ajiye takardar sakamakon wayar a gabanta.

"Sau bakwai na'urar ta aika miki. Josiah ya gan ki a jikin motar."

Salomi ta zauna a hankali.

"Ni na kai shi asibiti ranar da ciwon ya fara kayar da shi. Ba shi da kowa a ƙasar nan. Ni na koya masa yin allura, ni nake dafa masa acca, in zuba a kula ya tafi da ita hanya. In yana can jihar Tennessee wayata ta yi ƙara, ni nake kiransa in ce ya tsaya ya ci wani abu. Shekara uku, Insifekta. Ban taɓa ce masa komai ba, na ɗauka ya gani. Ran nan sai ga shi a falon nan yana washe baki, wai Anti, ki taya ni murna, Jemimah ta amince. Jemimah da ni na kawo ta Zumuntar Matan coci. Har yau ba ta san adadin allurar da yake yi ba. Wai kuma ni zan yi musu girkin baiko."

"Sai kika zuba masa barasa."

"So nake Jemimah ta gan shi a buge ta fasa auren. Na san yadda ta tsani giya. Na san sugan zai sauka, na ce in ya sauka ni zan tashe shi a gaban kowa, a ga wadda ta san shi."

"Me ya hana ki?"

"Na fita da lemo mai zaƙi a jakata. Na iso motar, yana ta gumi, bakinsa yana motsi. Na kara kunne a gilashi. Sunan Jemimah yake kira. A wannan halin ma, sunanta. Sai na ce to, ta zo ta tashe shi."

"Kin gaya mata?"

"Ban gaya mata ba. Na koma na raba shinkafa."

Nicodemus ya rufe littafinsa. Ya sha jin masu laifi suna kuka suna rantsuwa, amma wannan muryar da ba ta ko tashi ba ta fi damunsa. Ya karanta mata haƙƙinta da Turanci, ya maimaita da Hausa. Abokiyar aikinsa ta fito da ankwa.

Suna saukowa daga bene sai ga Jemimah ta fito daga motarta, ɗauke da tukwane biyu da ta wanke ta kawo. Ta ga ankwar, ta tsaya cak.

"Anti, me ya faru?"

Salomi ta dube ta tun daga sama har ƙasa, babu kunya a idonta, babu hawaye.

"Awa uku yana kwance a waje," ta ce. "Da ni ce, da na leƙa."

Aka sa ta a mota. Nicodemus ya karɓi tukwanen daga hannun Jemimah kafin su faɗi, ya ajiye a kan matakala, ya ce ta zauna, akwai maganar da zai gaya mata.