Na'urar da Aka Rufe wa Baki

Ƙarfe tara na safiyar Litinin Injiniya Sylvanus ya shigo ofishin 'yan sanda yana share gumi, ya ce an yi masa sata.

Sufeto Filibus ya nuna masa kujera. "Me aka ɗauka?"

"Na'urar auna radiyeshin, Yallaɓai, tururin nan mai guba da ido ba ya gani. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi wayar hannu ba. Kamfanina a Barnawa ke duba tsofaffin ƙarafa kafin a loda su zuwa masana'anta. In ta nuna kore, sai mu buga takarda cewa kayan ba su da haɗari. Tun ranar Asabar ba a gan ta ba. In babu ita, aikina ya tsaya."

Sufeto ya ɗauki Kofur Debby suka bi shi.

Kabad ɗin da ake ajiye na'urar yana nan lafiya, ba a taɓa makullinsa ba. Mutum biyu ke riƙe da mabuɗi: Injiniya da ma'aikaciyarsa Edith, mai kula da kayan aiki.

"Ina kike ranar Asabar?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ina coci, muna koyon waƙa."

"Wannan filastar a yatsanki fa?"

"Mai ne ya fallatso mini wajen suya." Ta dube shi ido cikin ido, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da rana Kofur Debby ta dawo daga cocin da ke Nasarawa da labari. Shugabar mawaƙa ta ce mako biyu ke nan Edith ba ta zo ba. Tana jinyar wanta Victor, wanda ke yankan ƙarfe a wani filin gwangwan a Unguwar Boro.

Washegari Injiniya ya bugo waya da murya mai daɗi. "Yallaɓai, an ga na'urar a cikin kabad. Ashe kuskure ne. A rufe maganar kawai."

"Ni ke rufe fayil, ba kai ba. Ina zuwa."

Da ya isa ya kunna na'urar da kansa. Babu kore, babu ja. Lambobi ne ke hawa da sauka, tana ɗan yin ƙas, ƙas, jefi-jefi.

"Haka take dama?"

"Haka take," in ji Injiniya.

Sufeto ya jawo ɗaya daga cikin takardun da kamfanin ya buga. A jikinta akwai hoton fuskar na'urar, koriya shar, babu lamba ko ɗaya. Ya juya na'urar ya cire batir. Kusoshin bayanta sun kakkarce, a ƙasa kuma ga ɗigon sabuwar dalma guda huɗu suna ƙyalli.

"Wani ya buɗe ta ya sauya mata manhaja," ya ce. "Kai kuma ka fi jin tsoron dawowarta fiye da ɓatanta."

Sufeto ya sa na'urar a leda ya tafi da ita.

A asibiti ya tarar da Victor kwance, hannayensa biyu a naɗe. Likitan ya ce ƙuna ce, amma ba ta wuta ba, kuma jininsa ya yi ƙasa sosai.

"Me ka taɓa?" Sufeto ya tambaya.

"Wani curin ƙarfe ne mai nauyi, daga tsohuwar masana'antar da aka rufe. Na fasa shi da guduma. Oga Sylvanus ya auna kayan a gabana, ya ce babu komai."

Da yamma Sufeto ya sa aka ɗauko Injiniya da Edith zuwa Unguwar Boro. Ya tsayar da mota nesa da filin, ya kunna na'urar, ya fara takawa a hankali. Ƙas ɗin ya riƙa ƙaruwa. Kafin ya kai bakin ƙofa ya koma ƙara guda mai tsawo, lambobin suna gudu.

Ya ja da baya. "Kofur, ki fitar da kowa daga filin nan, har masu sayar da abinci. Ki kira hukumar da ke kula da irin wannan. Kada wanda ya taɓa komai."

Sannan ya juya wajen Edith. "Ba mai ne ya ƙona ki ba. Dalma ce."

"Dalma ce," ta ce. "Ni na ɗauka. Na kai ta gida, na buɗe, na jona mata waya huɗu zuwa kwamfutata. Akwai manhaja kyauta da masana suka rubuta wa irin wannan na'ura, mai nuna ainihin abin da ta ji. Ita na sa mata. Sau biyu tana mutuwa a hannuna kafin ta karɓa."

"Kin san sata ce?"

"Na sani. Sau uku ina gaya wa Oga a sake auna filin nan, ya ce in tsaya a matsayina. Na je in kai ƙara, aka ce ina shaidata. Yayana yana ruɓewa a gado, ni kuma in jira izini? Ko yau aka mayar da ni baya, sai na sake ɗauka."

Ta ciro 'yar filashin kwamfuta daga jakarta ta miƙa masa. "Kafin in goge tsohuwar manhajar na kwafe ta. Ku ba duk masanin da kuka yarda da shi. An ɗaga ma'aunin ƙararrawar sama yadda ba za ta taɓa yin ja ba. Kwanan watan da aka yi hakan yana cikin filashin. Ina hutun haihuwa a lokacin."

Sufeto ya dubi Injiniya. "Mabuɗi biyu ne. Mai riƙe da ɗaya tana gida da jariri."

"Ƙarya take yi, yarinyar nan ta daɗe tana..."

Sufeto ya katse shi. "Ga filin can. In ƙarya ne, shiga ka ɗauko mini curin ƙarfen da hannunka."

Injiniya ya dubi ƙofar filin. Bai motsa ba. Can ya jingina da mota, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kullum sai ta yi kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba. 'Yan kasuwa suka fara guduna. Na ce bari in rage mata ji kaɗan. Ban taɓa zaton za a samu na gaske ba."

"Motar kaya nawa ka sa wa hannu tun daga ranar?"

Ya sunkuyar da kai. Kofur Debby ta sa masa ankwa.

"Ke ma za ki bi mu," Sufeto ya gaya wa Edith. "Ƙarar sata tana nan a rubuce, sai kin ba da bayani."

"Zan bayar, har a gaban alƙali. Amma ba zan zauna kujera ɗaya da mutumin nan ba."

Sufeto ya dube ta. Sannan ya buɗe mata ƙofar gaba, aka tura Injiniya baya, motar ta tashi.