Randar Bakin Hanya

A wani zamani can baya, rijiyar wani ƙauye ta ƙafe, mutane suka ɗaure kaya za su yi ƙaura. Cikinsu akwai wani saurayi da ba ya son barin kabarin mahaifiyarsa.

Da tana da rai, kullum takan cika wata randa a bakin hanya don matafiya. Ranar tashi ya leƙa randar, babu ko ɗigo. Ya sauke kayansa, ya nufi busasshen rafi inda takan tona yashi. Ya tona, ya jira, ya tona, ya jira, har ya sami rabin tulu. Kafin ya dawo, ayari ya yi nisa.

Yana zaune yana hawaye, sai ga wani tsoho da dagi a kafaɗa. Saurayin ya miƙa masa tulun, tsohon ya sha, ya dube shi.

"Samari, ina ka ɗebo wannan?"

"Inda Inna ke ɗiba, Baba."

"Na tsufa ina haƙar rijiya, na san ɗanɗanon idon ruwa. Share hancinka, ka nuna mini."

Kwana tara suna haƙa, rana ta goma ruwa ya ɓuɓɓugo. Saurayin ya gode wa Allah, ya yi wa Inna addu'a, sannan ya bi sawun mutanensa don ya kira su gida.