Motar da na kulle a Churchill

Yaya Lorne, yau wata shida ke nan da kwana tara. Rubutuna ba shi da kyau, ka sani, kai ne ka murɗe min kunne ranar da na bar makaranta. Amma ba ni da wanda zan gaya wa wannan sai kai, ko da yake kana wurin. In dai kai ne.

Gari ya cika kamar yadda ya saba in sanyi ya shigo. Jirgin ƙasa na sauke baƙi, na sama na sauke baƙi, kowa da kyamara a wuya da sabuwar rigar sanyi. Ba mu kai mutum dubu ba, ko hanyar mota ba ta iso mu ba, amma da wuya ka sami ƙasar da ba a san sunan Churchill ba, saboda fararen beyar, manyan namun dajin nan masu cin mutum, da ke taruwa a bakin teku suna jiran ruwa ya daskare. Kwanaki wata mata daga Jamus ta tare ni a kanti, ta nuna min hotonka a wayarta, kana tuƙa babbar motar kai baƙi bara, bakinka har kunne. Ta tambaye ni ina direban nan mai barkwanci. Na ce mata ya yi tafiya.

Tun ƙarshen Mayu da ƙanƙarar kogi ta fashe da kai kana dawowa daga farautar agwagin daji, babur ɗinka na tafiya kan ƙanƙara kawai aka tsamo. Akori-kurarka kuwa tana nan inda ka ajiye ta, a garken karnukanka da ke bayan gari. Ranar da aka daina nemanka na shiga na zauna a ciki. Ƙanshinka na nan: taba, kofi, gashin kare, da alewar na'a-na'ar da kake tsotsa don Mama kar ta ji tabar. Na ji tsoro kar wani ya buɗe iska ta kwashe shi. Sai na danna makullan ƙofofin duka biyu, na tafi gida da mabuɗin na jefa a akwatina.

A garin nan ba a kulle mota. In beyar ya biyo ka, motar da ta fi kusa da kai ita ce taka, ko ta maƙiyinka ce. Goggo Verna, ƙanwar Mama, da ta ji labari ta same ni har gida. Ta ce ko ɓarawon da ya taɓa sace mata janareta bai kulle motarsa ba. Ta ce in wani ya mutu a jikin ƙofar nan, da wace fuska zan shiga coci.

"Wendell, baƙin ciki ba hauka ba ne," in ji ta. "Ka je ka buɗe, ɗan nema."

Na ce mata to. Ban je ba.

Ran Talata da yamma na tafi ba karnuka abinci, kamar kullum. Ƙarfe huɗu ne amma rana ta riga ta sunkuya, sama ta yi jan garwashin da ya kusa mutuwa. Na ɗaure bokitin romo da buhun daskararren kifi a babur mai ƙafa huɗu. A mararraba na haɗu da Dez, abokinka na ma'aikatan korar beyar. Ya zuge gilashi ya ce in yi sauri, an ga wani ƙaton beyar da safe wajen tsohuwar bola, ramamme ne kuma ba ya jin harbin tsoratarwa. Ya ƙara da cewa ko da yake ni ba abin damuwa ba ne, beyar ba ya cin ƙashi zalla. Na yi masa dariyar da yake nema, na wuce.

Na kashe babur a bakin hanya, don ƙanƙara ta toshe 'yar hanyar shiga. Bindiga na ɗaure a bayansa. Na ce minti goma ne, na bar ta.

Karnuka goma sha ɗaya, ka san hayaniyarsu in sun ji ƙarar bokiti. Ranar ma sun fara. Na zuba wa Tansy, na zuba wa tsohon nan mai ido ɗaya. Ina kan na uku sai hayaniyar ta yanke gaba ɗaya, kamar an rufe rediyo.

Sarƙoƙi suka yi ƙara. Ɗaya bayan ɗaya karnukan suka shige akurkinsu.

Iska ta tsaya. Ina jin romo yana huci a bokiti.

Sai wari ya iso ni, warin ruɓaɓɓen kitse da ciyawar teku.

Beyar ɗin yana tsaye tsakanina da babur. Ban ji zuwansa ba, ba a taɓa ji. Gashinsa ya yi rawaya-rawaya, cikinsa ya lafe, kansa a ƙasa yana lilo da shi hagu da dama. Ya ɗaga hanci ya shaƙa.

Na ajiye bokitin a hankali. Na tuna abin da ka koya min: kar ka gudu, kar ka ba shi baya. Na fara ja da baya, taku ɗaya, taku biyu. Ƙanƙara na kuka a ƙarƙashin takalmina. Bai ko kalli bokitin ba.

Bayana ya taɓa ƙarfen motarka. Na laluba na kama hannun ƙofa, na ja.

Na sake ja.

Yaya, a lokacin na tuna inda mabuɗin yake.

Ya fara tahowa, ba gaggawa. Ina jin numfashinsa, huf, huf. Na daki gilashin da gwiwar hannu, rigar sanyi ta shanye dukan. Ban yi addu'a ba. Sunanka kawai na kira, kamar lokacin da ina yaro in na faɗi.

Ƙyas.

Makullin ya tashi daga ciki.

Na faɗa kan kujera na ja ƙofa. Ko ƙiftawa ban yi ba ya dako ta da kafaɗa, motar ta yi tangal-tangal. Hancinsa baƙi ya manne a gilashi, tururi ya rufe shi.

Na zauna ina haki. Sai na gane ba numfashina kaɗai nake ji ba.

Akwai wani a kujerar direba.

Ban juya ba. Da gefen ido na ga duhu mai girman mutum, kafaɗu faɗaɗɗu, hannaye biyu a kan sitiyari. Warin taɓon kogi ya cika motar. Ruwa na ɗiga daga wani wuri, ɗis, ɗis, ɗis, a sanyin da in ka tofar da yawu sai ya daskare kafin ka share baki.

"Kar ka kalle ni, ƙane."

Muryarka ce, amma kamar daga ƙasan rijiya.

Na ce, "Yaya?"

"Na zo ɗaukar tabata kawai," in ji muryar a hankali. "Sai ka kulle ni."

Beyar ya zagaya ta baya. Motar ta nutsa da nauyinsa, ƙarfe ya yi kuka. Ƙafafuna suka fara zafi, na duba ƙasa. Ruwa ne baƙi ƙirin, ya shanye takalmina, yana hawa idon sawu.

Muryar ta ce in bari beyar ya wuce, sannan mu tafi tare. Na tambaya ina. Ta ce can, ƙarƙashin kogi, ba iska, ba baƙi, ba mai tambayar kowa komai. Sannan ta ce:

"Ni kaɗai ne a can, Wendell."

Hannu ya sauka a ƙeyata, inda ka saba riƙe ni in za ka tura ni gaba. Sanyinsa ya shiga har haƙorana.

Ba zan ɓoye maka ba. Na so in ce to. Wata shida ina cin abinci da Mama ba mai magana, ina kwana kusa da gadonka. Ruwan ya kai ƙwaurina, zafin ya daina, barci mai daɗi ya fara ɗaukata.

Can wani kare ya yi ɗan kuka, siriri.

Na ce, "Yaya, takwas ba su ci ba."

Na ci gaba:

"Kuma Mama ba ta da mai ɗauko mata itace."

Hannun ya daɗe a ƙeyata. Sannan ya ɗaga.

"To buɗe min."

Ƙofar direba. Dole in miƙa hannu ta kan wanda ke zaune a wurin. Kuma beyar ya dawo ta wannan gefen, ina jin farcensa a jikin ƙarfe.

Na rufe ido. Na kwanta a kan cinyoyi masu sanyi, jiƙaƙƙen yadi ya manne a kumatuna. Na lalubo makulli, na ja. Na tura.

Ruwan ya zube waje, shaa.

Abin da ke ƙarƙashina ya zame ya fita.

Na ji beyar ya yi wani irin gurnani da ban taɓa ji daga bakinsu ba, gajere, kamar na ɗan kwikwiyo da aka taka. Da na buɗe ido yana gudu, gudu na gaske, ya nufi duwatsun bakin teku bai waiwaya ba.

Babu kowa a wajen. Sai sawun ƙafa, jiƙaƙƙu, suna tururi a kan ƙanƙara, sun miƙe yamma wajen kogi.

Karnukan suka fito gaba ɗaya suka ɗaga kai sama. Ban taɓa jin sun yi kuka irin na ranar ba.

Na ba sauran takwas ɗin abincinsu kafin in tafi, ban san yadda na yi ba, ƙafafuna kamar kututture. Dez ne ya tsince ni a hanya ina tuƙi a karkace. A asibiti sun yanke min yatsu biyu na ƙafar hagu. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni inda na sami ruwan da zan jiƙe har gwiwa, alhali duk kududdufin garin sun zama dutse. Na ce bokitin romo ne ya kife min. Ta kalli wandon, ta kalle ni, ta rubuta abin da na ce.

Da aka sallame ni na je da sukuddireba na cire makullan biyu, na jefar. Motar ta bushe ƙayau, ba ta warin komai. Karnuka sun daina kallon hanya da yamma, yanzu ni suke kallo. Teku ya daskare jiya, beyar sun hau ƙanƙara sun tafi, baƙi na ta haɗa kaya. Nan da sati garin zai koma namu.

Wani lokaci ina tunanin ko ba kai ba ne, ko wani abu ne na kogin ya ari muryarka. Amma abin kogi ba zai sake ni don karnuka ba.

Mama har yanzu tana tashi in waya ta yi ƙara, tana zaton an gan ka. Jiya na buɗe baki zan gaya mata ka tafi, da ƙafarka, ni na buɗe maka ƙofa. Sai ta miƙo min shayi ta ce in sha tun da zafi, na karɓa na sha.

Ban gaya wa kowa ba tukuna, Yaya.