Kwalbar Da Aka Buɗe

"Ka faɗa musu mana! Kai fa ka gani da idonka!"

Zuma ce take magana, tana tsaye a tsakiyar falon surukanta. Mijinta kuwa, direban da ta aura don so, ya kafa wa ƙafarsa ido kamar yau ya fara ganin yatsunsa.

Sana'ar Zuma gasa kek a cikin kwalba. A ciki take zuba kwaɓin, a ciki take gasawa, tana fiddowa daga tanderu ta goge bakin kwalbar tas, ta ɗaure murfi tun yana tururi, yatsunta na ƙuna. In ya huce sai murfin ya lotsa ciki ya kame, kek ya yi makonni bai canja ba. Sharaɗi ɗaya ne: in an buɗe, a cinye. Don mijin nata ma ta koya tun farko, kada yunwa ta kama mata shi a doguwar hanya.

Da Umma, mahaifiyarsa, ta kwanta ciwo, bakinta ya ƙi komai sai wannan kek. Zuma ta gasa mata kwalabe ta jera a kan teburin gefen gado. Bayan kwanaki tsohuwar nan, da idonta ya yi rauni, ta ci wanda ya yi funfuna. Amai da gudawa sai asibiti, da ƙyar aka ceto ta.

A barandar asibitin ne mijin ya riƙe kai ya raɗa wa Zuma gaskiya. Yayarsa ce. Ranar da ta zo dubiya ta bi kwalaben tana buɗewa tana shinshinawa, wai neman mai ƙamshin lemo take, ta mayar da murafe kamar ba a yi ba. Yana zaune yana kallo.

Yau ga dangi an taru, kuma yayar ce mai baki.

"Me zai faɗa? Ƙazantarki ce! Wa ya taɓa jin an dafa abinci an ɓoye a kwalba kamar magani? Kin kusa kashe mana uwa, marar tsoron Allah!"

"Yaya, ki dube ni ki ce ba ki buɗe ba..."

"Kai ƙanina, kana ji matarka tana min sharri?"

Zuma ta juya gare shi, hawaye har wuya.

"Masoyina... kalma ɗaya kawai. Don Allah."

Ya ɗago, ya dubi yayarsa da ta goye shi yana yaro, ya dubi ƙofar ɗakin Umma. Sai ya buɗe bakin nan nasa ya ce, "Ni... ban lura ba."

Namiji guda, da gemunsa! Wai bai lura ba!

Ba wanda ya kore ta. Ita ta ɗauki mayafinta ta koma gidan iyayenta. Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa. Masu saye suka ɗauke ƙafa, wata ma ta aiko da kwalabenta a buhu, ko sallama babu. Tanderu ya yi sanyi, fulawa ta fara ƙwari. Duk wannan bai ci Zuma ba kamar yadda Umma, da take kiranta 'yata, ta daina ɗaga wayarta.

Wata rana da yamma sai ga mijin, ya rame, da kwalba ɗaya a hannu. Ta tafiyarsa ce, ta ƙarshe da ta gasa masa.

"Zumata... na kasa buɗewa. Kullum tana gefena a mota. Ki dawo gida, wallahi ba na barci."

"Ka gaya wa Umma?"

"Jikinta ba ƙwari. In ta ji Yaya ce, gidanmu ya watse. Ni ai na san ba ki da laifi, bai isa ba?"

"A gaban mutane aka zage ni, sai a lungu za a wanke ni?"

Ta karɓi kwalbar, ta murɗa. Ɗas! Ƙamshin bota da lemo ya cika ɗakin kamar yanzu aka sauke. Ta sa cokali ta ci a gabansa, tana haɗiya da kuka.

"Ka gani? Wannan ba wanda ya taɓa ta. Ni kuwa kana zaune aka buɗe ni, aka shinshina, yanzu ka zo mayar da murfi bayan na huce. Ba zai kama ba."

"Zuma, ina sonki..."

"To tashi mu je. Falon nan, mutanen nan. Ka faɗa, na bi ka gida yau, ko kaya ba zan tsaya haɗawa ba."

Har ta miƙe ta yafa mayafi. Har ga Allah tana son ya tashi.

Wayarsa ta yi ƙara. Ta ga sunan da ya fito: Yaya. Ya dubi wayar, ya dube ta.

"Bari na amsa a waje... yanzu zan dawo."

Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta, har ta ji tashin motarsa.

Sannan ta koma kicin, ta wanke kwalbar, ta kife ta a kan tsumma.