Ɗakin da Ke Kallon Batsari

Ranar kasuwar Batsari ce, farkon shigowar ɗari, a zamanin da Katsina ke kai caffa Sakkwato. Yusha'u ya tsaya gaban wata budurwa mai sayar da kunun tsamiya, haƙoransa na haɗuwa. Riga ɗaya ce a jikinsa, ita ma shara-shara.

Budurwar ta ɗago kai. "Malam, zazzaɓi ne?"

"Sanyinku ne. A taimaka min da mai zafi."

Mahaifin Yusha'u mutumin Safana ne, fatauci ya kai shi ƙasar Nupe, can aka haifi yaron, can ya girma. Bana ne ya dawo gidan baffansa a Safana. Ya rungume ƙwaryar kunun da hannu biyu, bakinsa ya buɗe.

"A Bida ɗari kunya gare shi," in ji shi. "Hazo ne ke kwanciya a fadama da asuba, kafin hantsi ka tuɓe riga. A Zazzau ya fara cizon kunne. Mutanen duwatsun Bauchi sun ce min ruwan randa ba ya taɓuwa sai rana ta ɗaga. Amma naku ƙashi yake nema."

"Wanga ai somi ne, Ɗan Kudu," ta ce, tana rufe baki da gyale tana dariya.

Sunanta Saude. Dariyar nan ta bi shi har Safana. Daga ranar, tafiyar wuni guda ta zame masa kamar zagaya bayan gida, duk kasuwa yana nan. Tana ce masa Ɗan Kudu, shi kuma ya sa mata Hantsina, don ya ce sai ya gan ta jikinsa ke sakewa. Ya so ta, so na gaske, ita ma ba ta ɓoye nata ba.

Da baffansa ya je neman aure, Malam Daudu, mahaifin Saude, ya girgiza kai.

"Yaron kirki ne, amma wanda ke makyarkyata tun yanzu ba mazauni ba ne. Gobe ya ɗauke min ɗiya ya yi kudu, sai dai in ji labari wajen fatake. Ya gina ɗaki da hannunshi a Safana, ya kwana ciki har ɗari ya fita. Kafin nan kada ya tako Batsari. In bazara ta same shi nan, mu yi magana."

Yusha'u ya kwaɓa ƙasa, ya ta da ɗaki, ya yi jinka. Sai dai ya fitar da ƙofa ta arewa. A Nupe zafi ake gudu, inda iska ke fitowa nan ake buɗe mata hanya. A Safana kuwa ko akurkin kaji ba a juya wa arewa baki, don ta nan sanyi ke saukowa. Maƙwabta suka faɗa masa, ya yi godiya, ya bar ƙofarsa yadda take. Kafin sati biyu tari ya kama shi, dugadugansa suka tsage.

Armaya'u mahauci, wanda ya daɗe yana son Saude, ya zo Safana sayen bijimi, ya hango Yusha'u yana ƙus-ƙus da madugun wani ayari mai shirin yin kudu. Bai tsaya tambaya ba, ya kai labari Batsari da gishirinsa.

Gwaggo Tasalla, ƙanwar Malam Daudu mai tallan daddawa tsakanin garuruwan biyu, ita ta kawo wa Yusha'u saƙon Saude.

"Ta ce in gaya maka: 'Ɗan Kudu, an ce ka ɗaure kaya. In sanyi ya fi ƙarfinka ban ga laifinka ba, amma kwana uku ke nan ban iya cin tuwo.'"

Hankalin Yusha'u ya tashi. "Gwaggo, ki ce mata: 'Hantsina, gwado na saya wajen madugu, shi ke nan abin da ya haɗa mu. Ina nan. Ki ci tuwo, ki ci har da rabona.'"

Malam Daudu dai bai yarda da ji ba, sai gani. Ya hau jaki ya kwana a hanya, ya iso Safana da sassafe. Ya sami Yusha'u zaune a bakin ƙofa, ƙudundune cikin gwado, iska na kaɗa asabari a kansa. Bayan doguwar gaisuwa, wadda tari ya katse sau uku, dattijon ya zagaya ɗakin ya dawo.

"Wa ya koya maka gini?"

"Haka muke yi a Nupe, Baba."

"Ba a gaya maka ba?"

"An gaya min."

"To mi ya hana ka gyara?"

Yusha'u ya sunkuyar da kai. "Kun ce kada in taka Batsari. Ba ku ce kada in kalle ta ba. Ta nan hanyar take."

Malam Daudu ya juya ya dubi arewa, iskar ta sa idonsa ƙwalla. Sai ya fashe da dariya har rawaninsa na kwancewa.

"Na zo ganin mai gudun sanyi, na tarar da wanda ya buɗe mishi ƙofa. In na jira bazara, tari zai riga ni gamawa da kai. Ka toshe nan, ka fasa ta kudu kamar kowa. Juma'a ta sama ku zo ɗaurin aure."

Haka aka yi. Matan Batsari suka rako amarya da guɗa. Gwaggo Tasalla ta tsaya sai da aka gina musu gadon ƙasa mai ramin zuba garwashi a ƙarƙashi. Armaya'u ma, don kunya, ya aiko da cinya guda. Dattawa suka sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya ta gari, ya sa a tsufa tare. Kowa ya shafa.

Washegari da safe Yusha'u ya dawo daga masallaci, ya zauna, ya juya arewa yadda ya saba. Bango ya gani, ƙasarsa ko gama bushewa ba ta yi ba.

"Wa kake nema a can?" in ji wata murya daga bayansa.

Ya juyo. Saude ce durƙushe, tana hura masa wuta.